Babi na Shida: Kaluluwa, Gayyar da Jiki Yake Kira

Me ya haɗa ƙayar da ta soki yaro a tafin ƙafa da ƙullutun da ya fito masa a gindin cinya? Duk wanda ya tashi a Bungudu ya taɓa yin wannan tambaya ko ya ji an yi ta. Da kaka, bayan an yanke dawa, gonaki sun cika da tushiyar kara mai tsini, yara suna ratsawa ba takalmi. Kwana uku da taka tushiya sai ka ga yaro yana ɗingishi, a tambaye shi ina ke ciwo, maimakon ya nuna ƙafa sai ya nuna matsematsinsa. Kakarsa ta kira shi, ta sa yatsa biyu ta taɓa wurin, ta ji abu kamar ƙwayar gyaɗa yana zillewa ƙarƙashin fata. Ba ta ko ɗaga murya ba za ta ce: "Kaluluwa ce. Miƙo ƙahwar in gani."

Tsohuwar ba ta shiga ajin likitanci ba, amma abin da ta yi shi ne abin da ake koya wa ɗalibin likita: in ka ga kaluluwa, nemi inda ciwon yake. Abin da ba ta da hanyar gani shi ne abin da ke gudana a cikin wannan 'yar ƙwayar gyaɗar. Su wa suka taru a ciki? Me ya sa wata take sacewa cikin mako biyu, wata kuma ta yi wata shida tana nan daram, ta yi tauri har likita da kansa ya fara zargin ciwon daji, a yanka a duba a tarar ba shi ba ne?

Ba ciwo ne ya kawo ta ba

Abu na farko da ya kamata mu gyara shi ne zaton cewa kaluluwa baƙuwa ce. Da ita aka haife ka. Jikin babban mutum yana ɗauke da irinta wajen 600, a jere kamar tasbaha a wuya, da hammata, da gindin cinya, da cikin ƙirji, da jikin hanji. Yawancinsu ba su wuce ƙwayar wake ba, wasu ma kamar ƙwayar dawa suke, shi ya sa ba ka jin su sai sun kumbura.

In kana son ganinta da idonka, je wurin mahauci. In yana gyaran cinyar sa ko wuyan rago za ka ga ya sa bakin wuƙa cikin kitse ya ɓantaro wani ɗan abu mai launin toka-toka, mai santsi, ya jefar gefe. Ita ce. Ma'aikatan duba nama a mayanka ita suke fara tsagawa, domin in dabba tana da tarin tibi a nan yake fara tona kansa.

To mene ne aikinta? Jini yana zagaya jiki a cikin jijiyoyi, kuma ƙananan jijiyoyin nan suna tsattsafo, kamar sabon tulu. Ruwan da ya tsattsafo yana wanke naman jiki, ya kwashi datti da matattun ƙwayoyin halitta da duk wata ƙwayar cuta da ta samu shiga. Wannan ruwa ba a barinsa ya koma cikin jini kai tsaye. Akwai wasu siraran hanyoyi na dabam da ke tattara shi, su bi da shi ta cikin kaluluwa ɗaya bayan ɗaya, sannan su juye shi cikin babbar jijiya a gindin wuya. A kowace rana abin da ake mayarwa ya kai lita 2 zuwa 4. Kowane yanki na jiki da ƙofar da ruwansa yake bi. Na ƙafa ta gindin cinya yake wucewa, na hannu da nono ta hammata, na haƙori da maƙogwaro ta ƙarƙashin muƙamuƙi, na fatar kai ta ƙeya da bayan kunne. Shi ya sa yarinyar da ke fama da kwarkwata ko ƙuraje a ka ake jin ƙulluttai a ƙeyarta, shi ya sa kuma jaririn da aka yi wa allurar BCG a dantse wani lokaci 'yar kaluluwa takan fito masa a hammatar wannan hannun.

Su wa ke ciki?

In aka yanka kaluluwa siriri aka ɗora a ƙarƙashin madubin likita, abin da ake gani ya fi kama da gari mai unguwanni. Akwai ganuwa, wato wata fata mai ƙarfi da ta kewaye ta. Akwai lunguna da ruwa ke bi. Akwai kuma mazauna, kowa da sana'arsa.

A bakin lungunan akwai manyan ƙwayoyi masu haɗiya, waɗanda likitoci ke kira makrofaj. Su ba sa tambaya, duk abin da ba su yarda da shi ba haɗiyewa suke yi. Wani masani ɗan Rasha, Élie Metchnikoff, shi ya fara fahimtar aikinsu a 1882 a garin Messina na Italiya. Ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku mai jiki garai-garai kamar gilashi, da gari ya waye ya duba ya ga wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. Dubi ikon Allah, ƙayar da muka fara da ita a gonar dawa ita ce dai ta buɗe wannan ilimi a wata duniya.

Sai 'yan rahoto. Waɗannan suna zaune a cikin fata da maƙogwaro da hanji, suna da rassa kamar saiwar bishiya. In ƙwayar cuta ta shigo, sukan gutsuri wani yanki nata su bi hanyar ruwa har cikin kaluluwa mafi kusa, su riƙa nuna shi. Ralph Steinman ne ya gano su a 1973 a birnin New York.

Wa ake nuna wa? Limfosait, wato ƙananan fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne mafi yawan mazauna garin. Iri biyu ne, ana kiransu B da T. Dukansu a ɓargo ake haifarsu, amma T sai sun je wata makaranta da ke bayan ƙashin ƙirji kafin su fara aiki. Abin mamaki game da su shi ne kowace ɗaya abu guda kawai ta sani. Kamar a ce gari ne da makullai miliyoyi, kowane mutum yana riƙe da mabuɗi ɗaya tak. Wadda ta san ƙwayar cutar da ke cikin ƙafar yaron nan wataƙila a wannan lokaci tana can cikin saifa ko a wuya. Shi ya sa ba sa zama wuri ɗaya. Suna fita daga jini su shiga kaluluwa, su yi sa'o'i suna dubawa, in ba su ga nasu ba su fice su nufi wata. Wani likita a Oxford ta Ingila, James Gowans, ya tabbatar da wannan yawo nasu a 1959. Kaluluwa dai mahaɗa ce, kamar tasha ranar kasuwa, inda mai neman wani yake da tabbacin in ya tsaya zai gan shi.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba, magina. Su ne ƙwayoyin da ke saƙa zaren da ya riƙe garin, ganuwa da ginshiƙai da shimfiɗar lunguna. Ka riƙe su a zuciya, za mu dawo kansu.

Yadda kumburin yake faruwa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tushiya ta huda fata, ko faso ya tsaga dunduniya da hunturu, ƙwayoyin cuta sun shiga. Cikin sa'o'i kaɗan saƙo ya isa kaluluwar gindin cinya, sai ta yi abu biyu a lokaci guda. Ta buɗe ƙofar shiga, jini ya ƙaru, limfosait su riƙa kwararowa fiye da kullum. Ta kuma tsuke ƙofar fita na ɗan lokaci, don kada mai mabuɗin ya wuce ba a gan shi ba. Magina su kuma su sassauta zarensu don wuri ya samu.

Da an dace da masu mabuɗin, sai su fara rabuwa biyu-biyu. Ƙwayoyin B da suka shiga aiki suna cikin masu saurin hayayyafa a jikin mutum gaba ɗaya, wasu kowace awa 6 zuwa 12 suke rabuwa. Ɗaya ta zama biyu, biyu huɗu, kafin mako ya zagayo an sami dubbai. Suna taruwa a wasu da'irori, ana gwada su, wadda makaminta ya fi kama abokin gaba a bar ta, sauran su mutu makrofaj su share. Waɗanda suka yi nasara sai su rikiɗe su koma masana'antar antibodi, wato makaman da ake zubawa cikin jini su je su manne wa ƙwayar cuta.

Ka ga ke nan kumburin nan cunkoso ne. Gayya ce aka kira, gona ta cika da jama'a. Zafin da yaro ke ji kuwa daga ganuwar yake, domin an cika ta da gaggawa ta miƙe, kuma a jikinta jijiyoyin jin zafi suke. Wannan ne dalilin da ya sa kaluluwar da ta fito da sauri take ciwo, wadda ta taso a hankali kuma sau da yawa ba ta ciwo. Mutanenmu sun fi tsorata da mai zafi. Likita kuwa marar zafin ce ta fi sa shi gyara zama.

In an ci yaƙi, gayya ta watse. Yawancin ƙwayoyin da aka tara sukan mutu da kansu, a bar kaɗan masu tuna fuskar abokin gaba. Cikin mako biyu zuwa huɗu kaluluwa ta sace. Wani lokaci ba ta komawa daidai yadda take, takan bar ɗan tauri. Manomin da ya shekara arba'in yana shiga fadama ba takalmi, in ka taɓa gindin cinyarsa za ka ji ƙananan ƙulluttai masu tauri birjik, tarihin ƙayoyin da ya taka ne.

In kuwa ƙwayoyin cutar sun fi ƙarfin masu tsaron ƙofa, sai faɗan ya koma cikin kaluluwar kanta. Wasu fararen ƙwayoyin jini na gaggawa su cika ta, su mutu a ciki, gawarwakinsu su zama mugunya. Fata ta yi ja, ta yi sheƙi, wurin ya yi laushi. Wannan ita ce ke buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokaci har da tsagawa, amma a asibiti.

Wadda ta ƙi tafiya

Yanzu mu zo ga wadda ta fi damun mutane. Na san wata mata a wani ƙauye da ke gefen Kwatarkwashi da ta yi kusan shekara da ƙulluttai uku a gefen wuya, tana rufe su da mayafi. Ba zafi. An shafa mata toka da kanwa, an yi tofi, daga baya wanzami ya yi mata sakiya. Abin da ya fito ba mugunya sosai ba ce, wani farin abu ne mai gudaji-gudaji kamar cuku. Ramin kuma ya ƙi rufewa, yana ta tsiyaya. Ƙanenta ne ya matsa. "Yaya, ki bari mu tai Gusau a auna," in ji shi. Ta ce ai ita ba ta tari. Da aka auna, tibi ce.

A ƙasarmu, in kaluluwar wuya ta daɗe, tibi ce abin zargi na farko, ko da mutum ba ya tari. Ƙwayar tibi, wadda Robert Koch ya bayyana wa duniya ranar 24 ga Maris, 1882, tana da rigar kitse mai kauri. Makrofaj yakan haɗiye ta amma ya kasa narkar da ita, sai ta zauna a cikinsa tana hayayyafa. Da jiki ya ga haka sai ya canza dabara, ya kewaye ta. Makrofaj su jeru kafaɗa da kafaɗa, wasu su narke cikin juna su zama ƙatuwar ƙwaya guda mai cibiyoyi da yawa, ƙwayoyin T su yi musu zobe, magina su zagaye da zare. Tsakiyar ta mutu ta zama wannan farin abu mai kama da cuku. Ƙulluttan kuma sukan manne da juna, ka taɓa ka ji kamar curin dabino.

Turawa ma sun sha fama da ita. Ɗaruruwan shekaru a Ingila da Faransa ana kai masu irin wannan wuya gaban sarki ya shafa, wai hannunsa magani ne. A Ingila sai bayan rasuwar Sarauniya Anne a 1714 aka daina. Abin da ya riƙe wannan al'ada tsawon zamani shi ne ciwon yakan lafa da kansa na ɗan lokaci, sai a ce hannun sarki ne. Duk mai maganin da ya taɓa cin suna a kan kaluluwa, a nan ko a can, da wannan halin nata ya ci. Maganin gaskiya yau wata shida ne ana shan ƙwayoyi, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin tibi na gwamnati.

Akwai wasu masu daɗewar. Cutar HIV takan kumbura kaluluwa a wurare da yawa lokaci guda, wuya da hammata, dama da hagu, ta yi watanni. Ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa yakan kumbura na bayan wuya. Wani likita, Thomas Winterbottom, ya rubuta wannan alama a 1803 bayan zamansa a Saliyo, ya kuma ambata cewa masu fataucin bayi sun riga shi saninta, sukan lalubi wuyan mutum kafin su saya. A shekarun 1930 da 1940, lokacin da ciwon barci ya addabi ƙasar Zazzau har aka tashi jama'a a yankin Anchau aka gina garin Takalafiya, da laluben wuya ma'aikatan lafiya suke tace mutane ƙauye-ƙauye.

Biri ya yi kama da mutum

Akwai kuma wani rukuni da ba a cika gani ba, amma shi ya fi koya mana yadda garkuwar jiki take. Su ne ƙulluttan da suka yi kama da ciwon daji a hannu, suka yi kama da shi a hoto, amma in an duba ƙwayoyinsu sai a ga 'yan gayya ne da suka ƙi komawa gida.

Bambancin yana nan. Ciwon daji ƙwaya ɗaya ce ta lalace ta yi ta haihuwar kanta, duk abin da ke cikin ƙullutun 'ya'yanta ne da jikokinta, fuska ɗaya. Kumburin garkuwa kuwa taron kasuwa ne, ga B, ga T, ga makrofaj, ga masu antibodi, kowa da kamanninsa. Likitan da ke duba nama a madubi wannan yake fara nema: dangi ɗaya ne suka cika wurin, ko jama'a ce?

A 1965 wani likita Bafaranshe, Pierre Destombes, ya ba da labarin marasa lafiya huɗu, yara da matasa, daga Mali da tsibiran Karebiyan, masu manya-manyan kaluluwa. A 1969 Juan Rosai da Ronald Dorfman a Amurka suka bayyana ciwon a matsayin cuta mai zaman kanta, shi ya sa ake kiransa da sunayensu. Ya fi kama yara da matasa, kuma an fi ganinsa a baƙar fata. Yaro zai zo da wuya ya kumbura dama da hagu, ƙulluttai manya ba zafi, wani lokaci da zazzaɓi. Duk wanda ya gani zai ce daji ne. A madubi kuwa sai a tarar lungunan kaluluwar sun cika maƙil da wasu manyan ƙwayoyi dangin makrofaj, kuma a cikin cikinsu ga limfosait nan zaune da ransu, ba a narkar da su ba, kamar fasinjoji a mota. Da yawa daga masu wannan ciwo sukan warke da kansu bayan watanni ko shekaru. Sai dai binciken shekarun baya-bayan nan ya gano cewa a wajen kashi ɗaya cikin uku na masu shi akwai canji a ƙwayoyin gadon waɗannan manyan ƙwayoyi, irin canjin da ke sa ƙwaya ta ƙi daina hayayyafa. Wato iyakar da ke tsakanin kumburi da tsiro ba katanga ba ce, wani wurin kamar iyakar gona take, sai an kira dattawa.

A 1972 likitoci a Japan, Kikuchi da Fujimoto, suka bayyana wani, wanda ya fi kama matasa, musamman mata: kaluluwar wuya mai zafi da zazzaɓi, a ciki kuma ƙwayoyin T ne ke ta kashe-kashe har wasu unguwanni su zama kufai. Shi ma cikin 'yan watanni yake wucewa. Haɗarinsa a wurinmu shi ne a ɗauke shi tibi, a ɗora wa yarinya maganin wata shida a banza, ko a ɗauke shi daji.

Sai kuma wanda na ce mu riƙe magina dominsa. A 1988 aka fara bayyana shi a kaluluwa, aka ba shi suna mai ma'anar tsiron ƙarya na kumburi. A nan unguwannin B da T ba su ne suka cika ba. Ganuwa ce da ginshiƙai suka yi ta kauri. Ka tuna duk inda aka ji rauni, bayan masu faɗa sun gama, magina ne ke zuwa su ɗinke, abin da muke gani a fata mu kira tabo. Makrofaj ne ke ba su umarnin farawa ta hanyar wasu sinadarai da suke fitarwa, kuma in ƙura ta lafa saƙon yakan tsaya. A wannan ciwo saƙon ba ya tsayawa. Magina suna ta saƙa, sababbin ƙananan jijiyoyin jini suna ta tsirowa, masu antibodi suna cusuwa a tsakani, har abin ya tsallake ganuwa ya shiga kitsen da ke kewaye. Da farko ɗan yanki ne, daga baya ya mamaye, a ƙarshe kaluluwar ta koma kusan tabo zalla, mai tauri, manne da abin da ke gefenta. Tauri da mannewa kuwa su ne alamomin da aka koya wa kowane likita ya ji tsoro. A wasu masu shi an gano ƙwayar tunjere a ɓoye a cikin naman, a wasu kuma wata cutar ce ta tayar da gayyar ta wuce ta bar ta. Sau da yawa cire ƙullutun da aka yi don a auna shi ne ma maganin.

Abin da yatsa ba ya iya faɗa

Kada mai karatu ya rufe wannan babi yana lalubar wuyansa cikin fargaba. Wani bincike da aka buga a 1988 daga ƙasar Holan ya bi mutum 2,556 da suka je wurin likita da kaluluwar da ba a san dalilinta ba. Waɗanda aka samu da ciwon daji ba su wuce kashi 1.1 cikin ɗari ba. A waɗanda suka haura shekara 40 adadin ya kai wajen kashi 4, a 'yan ƙasa da haka kuma bai kai rabin kashi ɗaya ba. Holan ba Zamfara ba ce, mu muna da tibi da yawa a kan nasu, amma darasin yana nan: mafi yawan kaluluwa aikin lafiya take yi.

Abin da nake roƙo shi ne a riƙa ƙirga kwanaki. Kaluluwar da ta fito tare da ciwon da ake gani, miki ko haƙori ko mura, a yi maganin ciwon a ba ta mako biyu zuwa huɗu. Wadda ta wuce wata guda ba ta raguwa, ko take ƙara girma, ko ta fi ƙwallon goro, ko ta yi tauri kamar dutse ba ta motsi, a kai ta asibiti. Haka wadda ta zo da rama, ko gumin dare mai jiƙa riga, ko zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya. Wadda ta fito a ramin da ke saman ƙashin da ya ratsa daga wuya zuwa kafaɗa kuwa, ko ƙarama ce ba a jira da ita, domin ruwan ƙirji da na ciki ne ke bi ta nan. Yaron da wuyansa ya kumbura gaba ɗaya cikin kwana biyu, da zazzaɓi da wahalar haɗiya da wani farin abu a maƙogwaro, wannan ba na gobe ba ne. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 da wannan kama yake zuwa, kuma yana kisa cikin kwanaki. Yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa ke kumbura da sauri shi ma a gaggauta, don akwai wani dajin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai saurin girma, mai kuma jin magani in an zo da wuri.

Abu biyu ne nake ganin sun fi yi mana ɓarna, kuma duka biyun da kyakkyawar niyya ake yinsu. Na farko sakiya. Wanzamai sun yi wa al'ummarmu hidima tun kafin a san asibiti, ban raina su ba, amma aska ba ta san bambancin maruru da kaluluwar tibi ba, kuma wuya wuri ne da manyan jijiyoyin jini suke kwance dab da fata. Na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne ƙwayoyin da ake saya a kemis, irin su dexamethasone da prednisolone. Suna sa kaluluwa ta sace cikin kwanaki, kowa ya yi murna. Dalilin sacewar shi ne suna kashe limfosait, masu laifi da marasa laifi. In tibi ce, an kwance wa masu gadi ɗamara. In dajin kaluluwa ne, zai dawo, kuma naman da za a auna ya riga ya hargitse, likita ya duba ya kasa karantawa.

Wanda ya je Babban Asibitin Bungudu ko na Tsafe da kaluluwar da ta daɗe, zai yiwu a fara da gwajin jini da na tibi da hoton ƙirji. In ba a gamsu ba sai a tura shi gaba, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. A can za a zuƙi kaɗan da siririyar allura, ko a cire ƙullutun ɗungurungum. A nan ne mutane da yawa suke ja da baya, saboda maganar da ta zauna a zukata cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya watsu. Daga ina wannan magana ta samo asali, kuma me ke faruwa da ɗan naman nan daga lokacin da aka jefa shi cikin kwalba har ranar da takardar sakamako ta dawo hannunka? Babi na bakwai zai bi kwalbar har ɗakin gwaji.